Fiffike na Uku



Yau za mu bar tudu mu shiga teku. Akwai wani wasa da muka daɗe muna bibiya ta waya, wato hawan igiyar ruwa. Mutum zai kwanta a kan allo ya riƙa tuƙa shi da hannuwa har ya yi nisa da gaɓa, ya zauna yana jiran raƙumin ruwa ya taso. Da ya taso sai ya miƙe tsaye a kan allon ya bi jikinsa, yana hawa yana sauka yana juyi, har ruwan ya fashe ya zama kumfa. Yawancin masu kallo a kan mai hawan idonsu yake tsayawa. Mu kuwa abin da ya fi jan hankalinmu shi ne allon da ke ƙarƙashin ƙafarsa da hannun da ya sassaƙa shi. A can muka tsinci labarin da muke so mu kawo muku, labarin wani ɗan Ostiraliya mai suna Simon Anderson, wanda girman jikinsa ya so ya raba shi da sana'arsa, sai ya koma ɗakin sassaƙa ya ƙara wa allonsa fiffike guda ɗaya.

Kafin mu kai gare shi, bari mu ga yadda gasar take, don a san abin da mutum yake asara idan allonsa ya ci amanarsa. A 1976 aka fara gasar duniya ta ƙwararru, inda ake zagaya gaɓar teku daban-daban a shekara ana tara maki, kuma Peter Townend na Ostiraliya ne ya fara zama zakara. A yau ƙungiyar da ake kira WSL ce take shirya ta. A kowane zagaye mutum biyu ko uku ake turawa cikin ruwa, a ba su kimanin rabin awa. Alƙalai biyar suna zaune a tudu, kowanne yana ba kowane hawa maki har zuwa 10. Sai a zubar da maki mafi yawa da mafi ƙaranci, a ɗauki matsakaicin ukun da suka rage. Komai yawan igiyoyin da ka hau, biyu mafi kyau kawai za a lissafa maka, don haka 20 ce ƙurewar maki. Alƙalan suna duban sauri da ƙarfin juyi da wahalar abin da aka gwada, da kuma yadda mutum ya kusanci wurin da ruwan yake fashewa, inda haɗari ya fi yawa.

To, teku ba ta san da agogon alƙalai ba. A cikin rabin awar nan wata rana igiyoyi masu kyau uku ko huɗu kawai za su zo. Idan wutsiyar allonka ta zame a juyi ɗaya, shi ke nan, ka biya kuɗin jirgi daga wata nahiya ka zo ka koma hannu rabbana. A zamanin Anderson yadda ake lissafin maki ya ɗan bambanta da na yau, amma wannan matsalar tana nan yadda take.

Shi kansa allon yana da dogon tarihi. Mutanen tsibiran Hawai sun daɗe suna hawan igiyar ruwa tun kafin Turawa su isa gare su. Sarakunansu suna da nasu allon mai suna olo, na katako zalla, wanda tsawonsa yakan kai kusan mita 5, talakawa kuma suna hawan wani gajere mai suna alaia. Babu fiffike a jikin ko ɗaya. Mai son juyawa yakan tsoma ƙafa ɗaya cikin ruwa ya ja. Duke Kahanamoku, ɗan Hawai da ya ci zinare a iyo a gasar Olamfik ta 1912, shi ne ya nuna wa jama'a wasan a gaɓar Freshwater da ke Sidni a ƙarshen 1914, daga nan ya kama Ostiraliya. A 1935 wani Ba'amurke mai suna Tom Blake ya ciro wani ƙarfe daga ƙasan tsohon jirgin ruwa ya ɗaura shi ƙarƙashin wutsiyar allonsa. Wannan ne fiffike na farko da aka sani. A ƙarshen shekarun 1950 aka bar katako aka koma wani irin soso mai tauri mara nauyi, a fere shi, a lulluɓe shi da ƙyallen zaren gilas, a zuba masa ruwan ƙaro na roba ya daskare. Daga 1967 kuma aka shiga rage tsawo, har allon da a da sai an ɗauke shi da ƙyar ya zama abin da yaro zai saƙala a hammata.

Aikin fiffike shi ne ya kama ruwa ya hana wutsiya zamewa gefe. A shekarun 1970 fiffike ɗaya ake sakawa, babba, a tsakiyar wutsiya. Irin wannan allo yana da riƙo. Idan ruwa ya yi girma yakan tsaya daram, ya yi doguwar kwana mai kyau. Sai dai ƙarfinsa daga igiyar yake samu, idan igiyar ƙarama ce mara ƙarfi sai ya yi sanyi, ya riƙa jan jiki. Ita kuma gasa a wancan zamani sau da yawa a ƙananan igiyoyi ake yin ta.

A nan Mark Richards ya shigo. Ɗan garin Newcastle ne na Ostiraliya, kuma shi ma masassaƙi ne. Ya ɗauki wani tsari da aka taɓa gwadawa aka ajiye, na fiffike biyu, ɗaya a kowane gefe, ya gyara shi daidai da salonsa. Allon ya fito da faɗin wutsiya, ga gudu, ga saurin juyi. Inda mai fiffike ɗaya yake yin kwana ɗaya, shi zai yi biyu ko uku. Da wannan allon ya zama zakaran duniya sau huɗu a jere, daga 1979 zuwa 1982. Kun san halin mutane, idan kiɗa ya canza rawa ma sai ta canza. Kusan kowa a gasar ya nemi fiffike biyu.

Simon Anderson ma ya gwada, abin bai karɓe shi ba. Ɗan Narrabeen ne a arewacin Sidni, ƙato ne da ya haura ƙafa shida, ga nauyi, kuma gwanintarsa a ƙarfi take: yakan danna ƙafar baya ya tura ruwa kamar mai huɗa. Da fiffike ɗaya ya ci manyan gasa biyu a 1977, ta Bells Beach da ta Sidni, don haka ba wanda yake shakkar iyawarsa. Amma allo mai fiffike biyu ba shi da komai a tsakiyar wutsiya. Mai ƙarfi irinsa idan ya danna sai wutsiyar ta kuɓuce, allon ya juya da shi ya watsar. Ya kasance idan ya hau nasa na da, samari suna wuce shi a ƙaramin ruwa. Idan ya hau na zamani, dole ya rage ƙarfin da shi ne jarinsa.

Mukan tsaya mu yi tunanin wannan hali da ya shiga, domin a nan ne labarin ya taɓa mu. Yana iya kafewa a kan tsohon allonsa ya ce zamani ne ya lalace, alƙalai ba su san wasa ba. Da ya sami masu taya shi, don irin wannan magana ba ta rasa masu saye. Yana kuma iya tilasta wa jikinsa salon Richards, ya zama na biyu ko na goma a abin da wani ya riga ya zama na ɗaya. Bai yi ko ɗaya ba. A watan Oktoba na 1980 ya ga wani abokin sana'arsa mai suna Frank Williams da allo mai fiffike biyu, an maƙala masa wani ɗan ƙarami a baya don ya rage zamewa. Sai Anderson ya tambayi kansa: me zai hana na bayan nan ya zama cikakken fiffike, girmansa ɗaya da na gefe?

Abin da ya sassaƙa ke nan. Fikafikai uku masu girma kusan ɗaya. Biyu a gefe, an ɗan matsar da su gaba, an karkata bakinsu wajen hancin allon, cikinsu a shafe, bayansu da ɗan tudu irin na fiffiken jirgin sama. Na ukun a tsakiya, can ƙarshen wutsiya. Idan mai hawa ya kwantar da allon zai yi kwana, na gefen da ke cikin ruwa da na tsakiya sai su kama tare, ya danna iya ƙarfinsa wutsiya ba ta kuɓuce ba. Bayan haka yana iya murza allon hagu da dama ya ƙirƙiro gudu da ƙafarsa ko da igiyar ba ta da ƙarfi. Tsarin yana da nasa farashi, don fikafikai uku sun fi biyu jan ruwa idan ana tafiya miƙe. Amma a gasa juyi ake ba maki. Ya raɗa masa suna Thruster, wato mai tunkuɗawa.

Gaskiya ɗaya ce, ba shi ne ya fara saka fikafikai uku a allo ba. Tun farkon shekarun 1970 wasu 'yan uwa biyu a Kaliforniya, Malcolm da Duncan Campbell, sun yi wani allo mai uku da suka kira Bonzer, amma nasu tsarin daban ne, na tsakiya babba, na gefe gajeru. Abin da Anderson ya kawo shi ne daidaita girmansu da inda kowanne zai zauna. Mun kawo wannan ne don mu ma a nan mukan yi gardamar wa ya fara, alhali sau da yawa wanda ya daidaita abu har ya yi aiki shi ne ya canza duniya.

Da farko ba a karɓe shi da hannu biyu ba. Masu sana'ar suna ganin fikafikan sun yi yawa, za su riƙe allon. Amsar ta zo a watan Afrilu na 1981 a Bells Beach, gasar da ake yi duk lokacin Ista a jihar Victoria tun farkon shekarun 1960, wadda zakaranta yake kaɗa ƙararrawa. A shekarar teku ta kawo igiyoyi masu girman da har yau ake labarinsu, irin ruwan da ake cewa sai fiffike ɗaya. Anderson ya shiga da ukunsa ya yi abin da ya ga dama. Da ruwan ya kwanta a ƙarshen gasar, allon bai yi sanyi ba, ya ci. Bayan 'yan makonni ya sake cin gasar Sidni a gaɓar garinsu. A watan Disamba ya je Hawai ya ci gasar Pipeline, inda igiya take naɗewa ta zama kogo a kan duwatsun murjani masu kaifi da ruwa bai rufe su sosai ba. Babban ruwa, ƙaramin ruwa, kogo: allo iri ɗaya ya yi duka a shekara ɗaya. Richards ne ya ƙare shekarar a matsayin zakara, ya kuma ƙara a 1982, amma zamani ya riga ya juya. Tom Carroll, da ya zama zakara a 1983 da 1984, fikafikai uku yake hawa, kuma tun daga nan kusan duk wanda ya ɗaga kofin duniya, mace ko namiji, da tsarin nan ya ɗaga shi.

Abin da muka ɗauka a nan shi ne yadda Anderson ya san ciwonsa. Bai tsaya a kan cewa ba ya cin gasa ba. Ya san wace ƙafa ce, a wane lokaci na kwana, wane ɓangare na allon ne yake kuɓucewa. Kuma bai raina allon abokin hamayyarsa ba. Ya karɓi fikafikai biyun Richards yadda suke, ya mayar da nasa guda ɗaya da ya saba da shi a inda jikinsa yake buƙata. Maganin da ya haɗa wa kansa sai ga shi ya yi wa kowa.

Mu dubi abin da ya faru bayan shekara goma, don mu ga ɗaya fuskar. A 1992 wani saurayi ɗan Filorida mai suna Kelly Slater ya zama zakaran duniya yana da shekara 20. Daga baya ya ci kofin har sau 11, na ƙarshe a 2011 yana da shekara 39. A farkon tashensa, shi da masassaƙinsa Al Merrick sun fito da alluna sirara, marasa kauri, masu gantsarewa kamar ɓawon ayaba. A ƙarƙashin ƙafar Slater abin sha'awa ne. Sai jama'ar gari, masu aikin ofis da ke zuwa teku ranar hutu, masu tumbi da marasa tumbi, kowa ya ce irin na Slater yake so. Allon da bai da kauri ba ya ɗaukar nauyin mutum, ba ya tuƙuwa da sauƙi, kafin ka kai ga igiya ta wuce ka. Shekaru aka yi mutane suna nutso a kan allunan da ba nasu ba, kafin a dawo ga masu faɗi da gajarta. Yau idan za ka sayi allo, ana faɗa maka cikinsa lita nawa ne, a gwada da nauyinka da iyawarka. Na ƙwararru yakan kasance tsakanin lita 25 zuwa 30, ɗan koyo kuwa yana buƙatar ninkin haka ko fiye.

Ba sai mun yi dogon bayani ba, kun riga kun gane inda muka dosa. A zaurukanmu na intanet, da zarar wani labari ya yi tashe, mako biyu ya isa ka ga goma masu kama da shi: irin attajirin, irin yarinyar, irin buɗewar, har irin inda ake yanke shafi. Ba laifi ba ne mutum ya koyi da wanda ya fi shi, ai da koyo akan iya. Sai dai salon da ya ɗauki wani, an sassaƙa shi ne daidai da nauyinsa. Wani cikinmu ƙarfinsa a hira yake, idan mutanensa suka buɗe baki sai ka ji kamar a ƙofar gidanku suke. Wata ƙarfinta a lura yake, ta san yadda tsakar gida take da asuba. Idan suka bar wannan suka hau allon mai tashe, za su rage ƙarfin da shi ne jarinsu, kamar yadda ya so ya faru da Anderson. Tambayar da ta fi amfani ita ce wadda ya yi wa kansa: a daidai ina ne nawa yake zamewa, kuma me zan aro, me zan riƙe?

Kada kuma mu ɗauka allo ne yake yin gwani. Italo Ferreira, ɗan wani ƙaramin garin masunta mai suna Baía Formosa a Birazil, a kan murfin akwatin sanyi da mahaifinsa yake zuba kifin sayarwa ya koyi tsayuwa a ruwa. Ya zama zakaran duniya a 2019. Da aka shigar da wasan cikin Olamfik karon farko, a gasar Tokiyo da aka yi a 2021, allonsa ya karye biyu a igiyar farko ta wasan ƙarshe. Ya karɓi wani ya koma, ya ci zinare. Shi ma Anderson ya shekara da shekaru yana hawa yana sassaƙa kafin ranar da ya ga allon Williams. Mutane da yawa sun ga wannan allon a gaɓar nan, amma wanda ya sha faɗuwa har ya san dalilinta shi ne ya ga amsa a jikinsa. Wanda bai rubuta shafuka masu yawa ba, bai ma kai ga sanin inda nasa yake zamewa ba tukuna.

Saura abu ɗaya da ba za mu iya tsallakewa ba. Simon Anderson bai yi rajistar mallakar ƙirƙirarsa ba. Duk masassaƙin da ya ga allon yana iya auna shi ya koma ya yi nasa, kuma haka aka yi, daga Ostiraliya zuwa Amurka zuwa Birazil. Shekara arba'in da ɗoriya ke nan ana sayar da alluna masu tsarinsa ba tare da doka ta ce a ba shi ko kwabo ba. Bai kuma taɓa zama zakaran duniya ba. Makamin da ya ƙera ya shiga hannun kowa, har da samarin da suka zo suka wuce shi da shi. A ganinmu rashin shingen nan yana cikin abin da ya sa tsarin ya bazu da sauri haka, kowa ya ƙara nasa gyaran. Duk da haka abin yana mana ciwo, kuma ba za mu ce wa kowa ya yi koyi da shi a wannan ba, domin mai aiki ya cancanci ladan aikinsa. Mu da muke ganin ana kwashe labarin mutum daga zaure zuwa zaure, a goge sunansa, wani ma ya karanta shi a YouTube ya ci kuɗi, mun san ɗacin.

Abin da ya rage masa, wanda ba a iya ƙwacewa ba, shi ne suna. Har gobe idan aka ambaci fikafikai uku a duniyar masu hawan igiya, sunansa ne yake biyo baya, kuma shi ma bai ɓoye na Frank Williams ba. Masu wannan sana'a suna da wata al'ada da muke so. A tsakiyar soson akwai siririn katako da yake tafiya daga hanci zuwa wutsiya kamar ƙashin baya. Idan masassaƙi ya gama fere allo, kafin a lulluɓe shi da gilas, yakan ɗauki fensir ya rubuta a gefen katakon nan tsawo da faɗi da kauri, wani lokaci da sunan wanda aka yi wa, sannan ya sa hannu. Da ƙaro ya daskare a kai, rubutun ya zauna ke nan, ruwan gishiri ba ya wanke shi. Ko allon ya canza hannu sau biyar, wanda ya juya shi zai ga wa ya yi shi kuma don wa.

Wannan kam muna iya yi wa junanmu tun daga yau, ba sai mun jira wata hukuma ba. Wanda ya tura labarin wani ya tura shi da sunan mai shi. Wanda ya aro dabara ya faɗi inda ya gan ta.

Ga abin tattaunawarmu na wannan mako: kowa ya faɗa mana a ƙasa, a rubutunsa, a daidai ina ne wutsiya take zamewa? Buɗewa ce, ko hira, ko tsakiyar labari inda komai yake yin sanyi? A faɗe shi dalla-dalla yadda Anderson ya san nasa, wataƙila wani a zauren nan yana riƙe da fiffiken da ake nema.

Allah ya ƙara mana basira, ya sa albarka a alƙalumanmu. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.